Injin Wanki Fil a Leda

Mai gyara ya cusa tsohuwar singiletinsa a cikin mataccen injin wanki don ta danne ƙara, ya fesa fenti, ya naɗe shi a leda.

"Mutane shashashai ne," ya ce wa dillali yana taɓe baki. "Ƙyalli suke saye. Duk sakaran da ya ɗauka, ruwansa."

Ba a jima ba, yayan matar mai gyaran ya kawo mata kyautar sabon inji, tunda ita da hannu take wanki. A wankin farko injin ya hau kakari. Ta tsare maigidan sai da ya kwance bayan injin.

Ta zaro tsumman da yatsa biyu.

"Malam, ba wannan ce singiletin da ka rantse ni na ɓatar ba?"