Mantuwar Baba

Ta riƙo hannun mahaifinta har ɗakin likita, ta zaunar da shi.

"Likita, mantuwa ke damun Baba. Jiya tukunya ya ɗora ya fita, saura kaɗan gidan ya kama da wuta. Ka san tsufa, saba'in da biyar ba wasa ba."

Baba ya sunkuyar da kai. Tausayinsa ya kama ta. Tana da shekara arba'in da biyu, ga shi ta zama uwarsa.

Likita ya dubi tsohon. "Baba, tana shan maganin kuwa?"

"Tana sha," ya ce. "Zuwanmu na huɗu ke nan, kullum gani take ita ta kawo ni. Ɗazu a mota sunan ɗanta ta tambaye ni."