Ƙafafun Inna

Duk shekara idan na zo koya wa ɗaliban sakandare yadda tsoro ke manne wa wani sauti har jiki ya riƙa amsawa da kansa, Inna nake tunawa.

Muna unguwar Jarwal a Makka, ina 'yar ƙarama. Wata la'asar tana tsakar gida tana murza soyayyiyar gyaɗar da take sayarwa a faifai, sai ɗan maƙwabtanmu Sale ya busa usur ɗin wasa a lungu. Kafin in ɗaga kai ta watsar da faifan, ta shige bayan duron ruwa ta takure. Ta daɗe ba ta da takardar zama, kuma da usur askarawa ke shigowa kame. Amma a lokacin ai ta riga ta samu iƙamarta, wato takardar zaman.

Na bi ta na kama zanenta. "Inna, Sale ne fa ke wasa! Kuma ba kina da iƙama ba?"

 Ta ce, "Na sani, ya binti, 'yata. Ƙafafuna ne ba su sani ba."

Na rasa abin yi. Na durƙusa ina tsince gyaɗa a ƙasa ina kuka, Sale kuwa bai fasa busawa ba.

Yau na san sunan abin, na san yadda ake warware shi a hankali, har jarrabawa nake yi wa yara a kai. Inna kuwa har ta rasu labarin bai kai ga ƙafafunta ba.