Baba a Saman Falwaya

Babana ma'aikacin wutar lantarki ne. Lokacin da unguwarmu Badarawa ta yi sati uku ba wuta, kowa zagin ma'aikatan wuta yake.

Wata rana muna dawowa daga makaranta, na hango shi a saman falwaya. Ƙawayena suka hau ihu: "Ɓarayin wuta!" Shi kuwa ya ɗago hannunsa mai jar safar roba, ya kira ni: "Ladi!"

Na sunkuyar da kai, na wuce.

Da ya dawo gida, yana warin roba da gumi, ya dafa kaina ya ce, "Rana ce ta hana ki ganina, ko?"

Na ce e.

Har yau, in yara suka yi ihun an kawo wuta, gabana faɗuwa yake.