Zoben Roba Biyu a Aljihun Makaniki

Ajiye biron nan tukuna, Bashari. Na ga kana shirin sa hannu a kan aikin da ba ka hau tsani ka duba ba, don kawai wanda ya yi shi ya girme ka a sana'a. Zauna ka ji wani misali.

An yi wani makanikin jirgin sama, shekara ashirin da shida yana aiki ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Da jin kukan inji yake gane ciwonsa. Wata rana da hantsi aka ba shi ɗan aikin da ya yi fiye da sau dubu: ya canja toshiyar baƙin mai a injina biyu na wani jirgin fasinja. Kowace toshiya tana da zoben roba siriri, shi ke hana man tsiyaya. Ya karɓo kayan daga sito, yana tafe sai aka kira shi a waya: 'yarsa da ta kwana biyu tana naƙuda ta sauka lafiya, an sami namiji. Ya jefa ƙunshin zobban a aljihun gaba, ya tsaya yana hamdala, abokan aiki suna yi masa barka. Littafin aiki ya ce duk wanda aka katse masa aiki ya koma farkon shafi, ya bi layi-layi. Shi kuwa ya daɗe da haddace shafin, har ya manta rabonsa da buɗe shi. Ya hau tsani, ya ɗaure toshiyar dama, ya ɗaure ta hagu, hannu na aiki zuciya na asibiti. Ƙa'ida ta ce mai dubawa ya hau ya gani da idonsa, a kuma tayar da injinan a ga ko mai na ɗiga. To mai dubawar amininsa ne, tare suka koyi aiki, kwano ɗaya suke ci. Ga fasinjoji sun cika ɗakin jira, ga ofis yana ta aiko a yi sauri. Daga gindin tsani ya ɗaga kai yana dariya ya ce, "Kakan jariri, ni zan duba aikinka? Miƙo takardar." Ya sa hannu.

Jirgin ya tashi da mutum ɗari da goma sha huɗu. Bai yi nisa ba man ya tsiyaye, injin dama ya mutu, na hagu ya bi shi. Matuƙin ya yi iya yinsa ya juyo, amma bai kai fili ba, ya faɗa wata gonar dawa. Ko mutum ɗaya bai fita ba. Makanikin yana rungume da jikansa labarin ya iske shi. Ya yi salati, ya ce a ransa ko me ya jawo wannan, ba daga hannunsa ba ne. Washegari matarsa za ta wanke rigar aikinsa, tana lalube aljihu sai ta miƙo masa ɗan ƙunshi, ko buɗe shi ba a yi ba. Ta ce, "Malam, wannan na amfani ne, ko in zubar?"

Da ƙafarsa ya kai ƙunshin wurin masu bincike. Aka karɓe takardar izinin aikinsa, aka karɓe ta amininsa. Daga ranar ko a jana'iza suka haɗu, kowa sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Ranar suna yana ɗaki a kulle, bai fito ba. Daga baya ya nemi sunayen mamatan, ya shiga bin gidajensu ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Wasu suka kore shi, wasu suka ce ƙaddara ce. A gida na goma sha biyu ya tarar da wata tsohuwa, ɗanta guda ɗaya tak yana cikin jirgin. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ya nuna mata irin abin. Ya ɗora mata zoben roba a tafin hannu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ɗan nan, wannan ne ya ci mini ɗa?" Ba ta zage shi ba, ba ta ce ta yafe ba. Ta miƙa masa abinsa, ta shige ɗaki ta saki asabari. Bai ƙara zuwa gidan kowa ba.

Shekara tara ya yi bayan nan, yana zaune a ƙofar gida kamar mai jiran wani. In jirgi ya gitta ta sama, ko abinci yake ci sai ya tsaya cak da loma a hannu, yana sauraro har ƙarar ta ɓace. A haka ya rasu. Mutumin kirki ne, Bashari, kuma gwani, duk rumfar gyaran nan ba mu da kamarsa. Amma da ma Hausawa sun faɗa: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.