Ledojin Gonar Wake

Ƙudan zuma na goma sha ɗaya ke nan da Khamisu ya tsinta a mace ƙarƙashin ledojinsa. Ya waiga, ya tura shi cikin ƙasa da yatsan ƙafa.

Daga makaranta a Kano ya dawo ƙauyensu na gefen Ɗanbatta da dabarar. A goga faffaɗar leda da tsumman ulu har lantarki ya taru a jikinta, a kafa ta tsakanin kunyoyin wake, ƙananan ƙwari su manne mata kamar ƙaiƙayi. Ba feshi, ba guba. Ranar da ya kafa su, 'yan majalisa har da riƙe ciki don dariya. Wai ɗan Malam Muhammadu Sani ya gama boko ya dawo yana yi wa ƙwari shanya.

Mahaifinsa bai yi dariya ba. Ya ce, "Gonar waken taka ce bana. Gwada."

Wake kuwa ya yi kyau har ya ba da mamaki. Laimar damina kan kashe lantarkin tun kafin hantsi, abin da leda ke kamawa bai cika tafin hannu ba, amma ganye ko huda ɗaya babu. Khamisu bai tsaya bincike ba, tunda masu dariyar jiya sun fara zuwa kallo.

Sai zuma ta fara mutuwa.

Amya bakwai tsohon nasa ke da su a kan ɗorawar bakin gona, gadon ubansa. Cikin mako uku biyar suka yi tsit. Ya rame, ya kama tari. In ya fita sallar asuba sai rana ta fito yake dawowa, ya zauna yana ta wanke hannu da sabulu. Ramar nan tasa kuwa ita ta fi cin Khamisu. Abinci ya daina shiga masa.

Rannan Khamisu ya tuge ledojin kaf, ya zo ya durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Ledojina ne suka kashe maka zuma. Ina gani, ina binnewa, na ɓoye maka."

Tsohon ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Tashi, Khamisu. Ni ne. Ban iya jure dariyar da suke yi maka ba."

Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga zanar da ke bayan rumbu. Famfon feshi ne a kwance, bakinsa bai ko bushe da maganin safiyar nan ba.