Ginin da Aka Fara Daga Sama

Da korona ta rufe Doha, ina gadin benaye a unguwar West Bay, na kasa zama wuri ɗaya. Wata la'asar ta yarintata ce ke ta dawo mini.

Baba magini ne. Na gaya masa malaminmu Ba'indiye ya ce kakanninsu 'yan Hindu sun sassaƙa ɗakin bauta daga dutse guda, kuma daga sama suka fara.

"Harsashi, bango, sannan rufi," in ji Baba. "In ƙarya ake koya muku, gobe ka bi ni kwaɓa ƙasa."

Na miƙa masa hoton ɗakin bautar da malam ya ara mini. Ya bi shi da farce, yana neman inda aka haɗa duwatsu. Bai samu ba.

"Mai wannan aiki, sara ɗaya ya kuskure, ba gyara. Koma makaranta."

Har yau da farcen Baba nake duban benayen nan.