Rumbun Arzika

"Ganye abincin awaki ne," in ji Arzika, ya ture ƙwaryar tafasa. Bara fara ta cinye gonakin Tabotaki, bana kurkunu ya kwantar da shi. Hatsin iri kaɗai ya rage, shi kuma yake so a daka masa.

Matarsa Yalwa ta ce, "Maigida, mace ba ta shiga rumbun miji. Kullum ka ƙara loma guda. Ranar da ka cinye ƙwaryar nan, ka hau ka ɗebo da kanka."

Ya yi ta ci yana ƙunƙuni, har ranar ta zo. Ya hau, ya leƙa: wayam.

"Ina hatsina?"

"Tun ruwan farko na shiga na kwashe. Ɗaga kai."

Bayan danga, gonarsa ta yi kore shar.